Ƙahon da Ba a Busa wa Yamma

SHAFI NA 17

Masu zagina a ƙasan shafin jiya, na ga saƙonku. Wata har cewa ta yi ni Hedda dutse ne a ƙirjina. To 'yar'uwa, karanta na yau tukuna, sannan ki yanke min hukunci.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni kafinta ce, 'yar garin Falkenrod. A lokacin ina cikin yawon da mu masu sana'ar hannu muke kira Walz. Shekara uku da kwana ɗaya kana bin garuruwa kana aiki, da baƙaƙen kaya da malafa da sanda, ba waya a aljihu, kuma ba ka kusantar garinku da kilomita hamsin. Ƙofa ɗaya aka bari: in uwa ko uba ko ɗan'uwa na jini ya kwanta ciwon ajali. Ban da wannan, ko garin ne ya kama da wuta sai dai ka ji a bakin mutane.

Ni kuwa saura ƙiris in gama.

*

Ranar ina cikin rufin cocin Amselstein, a haye kan wata azara da ta girmi kakan kakana. Waɗanda suka ɗora rufin nan ba su sa ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba, da turakun katako suka haɗa komai, mu kuma aikinmu mu zare waɗanda suka ruɓe mu sassaƙa sababbi. Ga ƙura, ga warin kashin jemage.

Ga kuma 'yar tagar nan ta gabas.

"Kin sake leƙawa," in ji Tillmann. Shi ne babbanmu a aikin. Shi ya fito da ni daga gari ranar da na fara yawo, shi ya huda min kunne da ƙusa da guduma a kan teburin mashaya, kamar yadda aka yi wa kowannenmu.

"Iska nake sha."

"Iskar gabas kaɗai hancinki yake ɗauka? 'Yar mai burodi, tagar nan ta kusa kai ƙararki wurin fasto."

"Ka ji da turkenka, ya karkace."

"Nawa ya karkace, ke kuma wuyanki."

Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji haushi. Amselstein da ƙyar ya tsallake layin da aka hana ni. Saboda haka na nemi aikin. In gari ya yi garau, daga tagar nan ana hango wani tudu shuɗi can ƙarshen ido, bayan tudun kuma Falkenrod ne. Ba na ganin garin. Tudun nake kallo, in riƙa jera gidajenmu a kaina: masu ƙirar katako a jiki, waɗanda suka tsufa har suka jingina da juna, da layin duwatsu mai santsi in an yi ruwa, da hayaƙin gidan burodin Baba. Wallahi kewa ciwo ce. Akwai ranar da na ji ƙanshin burodi a wani gari na tsaya a bakin titi ina kuka, mutane na ratsa ni.

"Hedwig!"

Guduma ta kusa suɓuce min.

Mutum ɗaya ce a duniya take kirana da cikakken sunana.

Na leƙa ramin tsani. Mama ce, Irmtraud da kanta, da takalmin zuwa coci, tana hawowa ba ta ko duba ƙasa.

Abin ya ɗaure min kai. Matar nan ko kan kujera ba ta hawa. Tun ina yarinya Baba ke aikena kowace safiya da burodi mai zafi in kai wa Kawu Ottmar, mai gadin hasumiyar cocinmu, amma ita ko sau ɗaya ba ta taɓa taka matakalar hasumiyar ba. Wai jiri.

"Mama! Lafiya? Baba ne?"

"Babanki lau. Yana ƙasa, shi ya tuƙo ni."

Na rungume ta. Ƙamshin gidanmu ne a gashinta, yis da sabulu. Na ƙi sakinta har sai da ta ture ni.

"Kin rame."

"Mama, me ya faru?"

Ta dubi Tillmann, ta dube ni.

"Ottmar ya busa wa yamma."

Na zauna a kan azara.

"To sai me?" in ji Tillmann. "Ba aikinsa ba ne busa?"

Ba laifinsa ba ne, ɗan bakin teku ne. Kowane yaro a Falkenrod ya san in rana za ta faɗi mai gadin hasumiya yana busa ƙaho ta tagar arewa, da ta gabas, da ta kudu. Ta yamma a kafe take da katako. An ce zamanin yaƙi sojoji sun tafi da ɗan wani mai gadi, suka yi yamma da shi. Kewa ta ci uban har ya busa ta can. Yaron ya ji kiran cikin barcinsa a wata ƙasa, ya taso da ƙafa, ya iso ƙofar coci daidai ana fitowa da akwatin gawar uban. Tun daga nan ake cewa yamma tana amsawa, amma da numfashin mai busa take tafiya.

Kawu Ottmar da bakinsa ya ba ni labarin, ina zaune a cinyarsa ina cin rabin burodin da aka aiko ni da shi.

"Shi ya ɓalle katakon?" na tambayi Mama.

"Da hannunsa. Gari duka ya fito waje. Tsofaffi suna ta addu'a, fasto ya hau ya same shi a zube jikin bango. Huhunsa ne, Hedwig. Tun hunturu likita ya gaya masa. Ya hana kowa ya sanar da ke. Yanzu an sauko da shi, yana kwance a ɗakin Waltraud mai sharar coci. Likita ya ce a kira wanda za a kira."

Amselstein yamma yake da Falkenrod. A katin da na aika gida na rubuta inda nake.

Ni yake kira.

Na miƙe na fara tattara kayan aikina.

"Hedda." Muryar Tillmann ta canja, babu wasa a cikinta. "Mene ne shi a wurinki?"

"Kawuna ne."

"Ƙanen uwa ko na uba?"



"Maƙwabci ne," na ce. "Amma shi ya fara ɗora min gizago a hannu. Shi ya koya min jin katako da tafin hannu. Ba don shi ba da yanzu ina bayan kanta ina naɗe burodi."

"Na sani. Kin ba ni labarinsa har na haddace. Amma ba ni na kafa dokar ba, ƙanwata. Uwa, uba, ɗan'uwa na jini."

"Mutuwa zai yi!"

"Malamin da ya koya min sana'a ya mutu ina Hamburg. A bakin wani direba na ji." Ya kau da kai. "In kin tsallaka layin nan saboda maƙwabci, sai dai ki cire ɗan kunnen ki ba ni. Yawonki ya ƙare. Kin ga saura kaɗan."

"Ɗan nan," in ji Mama, "sauka ka ba mu wuri."

"Ni dai abin da..."

"Akwai burodi a mota. Je ka ci."

Ba a musu da Mama in ta yi wannan muryar. Ya ɗauki malafarsa ya sauka.

Muka rage mu biyu da jemagu.

Mama ta matso, ta kai hannu ta taɓa ɗan kunnena. Ƙaramin zoben azurfa ne, Kawu Ottmar ya damƙa min shi ranar tafiyata. Ya ce, "Ki gama, Hedda. Kome za ki ji, kar ki dawo kafin ranarki." Da Tillmann zai sa min shi a mashaya ya juya shi a haske ya ce, "Wannan ai tsohon zoben ɗan yawo ne, har an taɓa gyara shi." Ban kawo komai a raina ba, kunnena na zafi.

"Me Ottmar ya ce miki ya tsaga masa kunne?" in ji Mama. Tun da na san Kawu kunnensa ɗaya a tsage yake.

"Wane irin zance ne wannan yanzu?"

"Amsa min."

"Ƙugiyar igiyar ƙararrawa. Wata rana ya ce hankaka ne. Ya taɓa cewa aljanin hasumiya ne ya cije shi saboda ya makara da busa."

Ta yi wata 'yar dariya, hawaye na zubowa.

"Maƙaryacin banza. Shi ya fizge zoben nan daga kunnensa. Da hannunsa, a gindin allon sunan gari. Ina tsaye."

"Mama..."

"Kafinta ne kamarki. Irin kayan nan na jikinki ya sa ya bar Falkenrod. Ni na raka shi har allon, ya haura ta kansa kamar yadda al'adarku take, bai waiwayo ba, don an ce ba a waiwaye. Ya ce in jira shi." Ta share hanci da bayan hannu. "Bai yi nisa ba na gane ina da ciki."

Na ji kamar azarar ta motsa a ƙarƙashina.

"Ba waya, ba adireshi. Yau yana nan, gobe yana can. Wa zan tura? Kuma kin san mai ɗa ba ya yawo. Ko na same shi, na kashe masa abin da ya fi so a duniya. Kakarki kuwa kin san ta, da ta ji da sai dai in kwana a titi. Gernot, wanda kike kira Baba, ya daɗe yana sona. Ya tambaya, na amsa."

"Ki daina."

"Da aka haife ki aka ce bakwaini ce."

"Na ce ki daina, Mama!"

"Labari ya iske Ottmar a wani gari, wai Irmtraud ta auri mai burodi har ta haihu. Ya yi lissafinsa. Ya taho ba tsayawa. Na fito da ke a keken jarirai na gan shi tsaye a gindin allo, ƙafa ɗaya ba ta shigo gari ba. Ya leƙa fuskarki. Bai tambaye ni komai ba. Sai ya kama zoben ya fizge, jini har kan farar rigarsa, sannan ya tako ya shigo."

"Shi ke nan? Ya shigo ya yi shiru?"

"Me zai ce? Ina da aure. Kina da suna. A wannan makon tsohon mai gadin hasumiya ya ajiye aiki, ba mai so, wa zai zauna a sama shi kaɗai da hankaki? Ottmar ya karɓa." Ta dube ni. "Kin taɓa leƙawa ta tagar kudu?"

Na leƙa mana. Sau dubu. Tsakar gidanmu ake gani tar, da igiyar shanya, da lilon da Baba ya ɗaura min a bishiyar tuffa.

Wayyo Allah. Ashe duk wasan da na yi a gidan nan akwai mai kallo.

"Jirin naki fa?" na ce. Muryata ba tawa ba.

"Ban taɓa jiri ba a rayuwata."

Na so in yi ihu rufin ya tsage. Na so in kama ta in girgiza. Shekara ashirin da shida ina ce wa mutum Kawu, ina cinye masa rabin burodi, ina tsokanar kunnensa. Ga hannuwana, na duba su, gajerun yatsu masu faɗi. Baba dogayen yatsu gare shi. Ban taɓa tambayar kaina ba.

"Me ya sa sai yau?"

"Saboda dokarku. Jini suka ce, ko? To ga jini. Ki sauka ki gaya wa wancan mai malafar ubanki ne ke kwance. Ki je ki gan shi, ki dawo ki ƙarasa yawonki, ba wanda zai taɓa miki kunne."

"Kawu ya san kin zo?"

"Da ya sani da ya tashi ya tare hanya. Da bakinsa yana cewa kar a kira ki. Da ƙaho kuma ya kira ki. Ni na gaji da bin bakinsa."

"Baba fa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ban taɓa faɗa masa ba. Bai taɓa tambaya ba."

"Yana ƙasa, Mama. Tillmann yana tare da shi. A gabansa kike so in faɗa?"



Na sauka. Ban san yadda ƙafafuna suka sami tsanin ba.

*

Tsakar rana ce, ma'aikata sun baje a matakalar coci. Ga motar burodinmu a gefen rijiyar dandali, ƙofar baya a buɗe. Baba na tsaye yana yanka baƙin burodi yana miƙa wa 'yan yawo, yana musu faɗa wai sun rame kamar sandunansu.

Ya hango ni.

Wuƙar ta tsaya a hannunsa. Ya yi furfura, ban bar shi da furfura haka ba.

"Ƙulluna," ya ce. Sunan da yake kirana ke nan tun ina rarrafe. "Dubi yarinyar nan. Ba sa ba ki abinci ne?"

Na faɗa ƙirjinsa. Mutumin da ya koya min keke. Mutumin da ya sayar da tsohuwar motarsa ya saya min kayan aiki, alhali shi burinsa in gaji gidan burodi. Ranar da na haura allon gari, kukansa na ji a bayana, dokar ta hana ni juyawa.

Tillmann ya ajiye burodinsa. Ya gyara malafa.

"Hedda, sai na tambaye ki a gaban 'yan'uwa, don ni zan kai magana wurin manyanmu. Kin yanke shawara?"

"Zan tafi."

"To mene ne mara lafiyan a wurinki?"

Mama ta fito daga ƙofar coci ta tsaya. Baba yana gefena, garin fulawa a gashin hannunsa.

Kalma ɗaya ce. In na faɗe ta na ga Kawu, na tsira da yawona, na soke Baba a tsakiyar dandali a gaban baƙi. In ban faɗa ba, wahalar shekarun nan ta tashi a banza, kuma na karya alkawarin da na yi wa mai mutuwa.

Masu cewa dutse ne a ƙirjina, ku gaya min, wanne za ku ɗauka?

Na dubi dogayen yatsun Baba a kan wuƙar burodi.

"Maƙwabcinmu ne," na ce.

Na kai hannu kunnena na kama zoben.

Sai na ji an riƙe min wuyan hannu, riƙo mai ƙarfi, irin na wanda ya shekara arba'in yana murza ƙullun burodi.

"Kul," in ji Baba. "Kunne ɗaya ya isa a zoben nan."

Ya juya wurin Tillmann.

"Ubanta ne. Ottmar Reuss, mai gadin hasumiyar Falkenrod. Je ka faɗa wa duk wanda za ka faɗa wa, ka ce Gernot mai burodi ne shaida."

Mama ta dafa bango.

"Gernot... tun yaushe?"

"Haba Irmtraud. Ni mai burodi ne. Na san ƙullun da ya kwana da wanda bai kwana ba. Wace bakwaini ce ake haifa da kumatu haka?"

"Baba," na ce.

Ya saki hannuna ya gyara min malafa, kamar yadda yake gyara min hula in zan tafi makaranta.

"Ke kina zaton Ottmar ba shi da ƙafar saukowa ya sayi burodi ne? Don me nake tashinki da sassafe in aike ki sama?" Idonsa ya kawo ruwa, ya yi tsaki. "Ni na same ki yini guda, kullum. Shi rabin sa'a. Ban ga na yi asara ba. Shiga mota, Ƙulluna."

Tillmann ya cire malafarsa. Ban taɓa ganin kansa a waje ba sai ranar.

"Je ki," ya ce. "Turakunki na jiranki."

Na jefa sandata a bayan mota cikin kwandunan burodi. Ina sa ƙafa ke nan wayar Mama ta yi ƙara a jaka. Ta duba.

"Waltraud ce."

Ta kasa dannawa. Na karɓa.

"Irmtraud!" Muryar tsohuwar na rawa. "Na je ɗebo masa ruwa ne kawai, na dawo gado ba kowa! Ƙofar hasumiya a kulle ta ciki, fasto na ta bugu..."

"Goggo Waltraud, Hedda ce. Ki ce masa gani nan. Ki ɗaga murya ki ce masa ina hanya, kar ya..."

"Hedda? Ke ce? Wayyo 'yar nan, ya buɗe tagar yamma, ga shi can..."

Sai na ji shi.

Ƙahon garinmu, da rana tsaka, ta cikin 'yar wayar nan. Sautin da nake kwana da shi nake tashi da shi tun ranar da na haura allo. Ya taso a hankali, ya yi tsawo, ya cika min kunne har Baba ya ji daga inda yake zaune.

"Na ji!" na yi ihu cikin wayar, kamar zai ji ni. "Na ji, ya isa! Ka ajiye!"

Ya ja numfashi. Ya fara na biyu.

A tsakiya ya yanke.